Alekzanda Filemin, Likitan Da Ya Binciki Hawaye

Cikin gaɓoɓin jikin ɗan Adam babu wadda ta kai ido zama a fili. Tun daga asuba har dare yana buɗe, ƙura ta faɗa masa, hayaƙi ya shiga, ƙuda ya sauka a gefensa, mai shi kuma ya sa yatsa ya murza ba tare da ya wanke hannu ba. Ga shi kullum a jiƙe da ɗumi, watau irin wurin da ƙwayoyin cuta suka fi so ke nan. Duk da haka sai mutum ya yi shekara da shekaru idonsa garau, alhali kuwa in ƙaya ta soke shi a ƙafa, kwana uku sun isa wurin ya tara mugunya. Wanda ya fara nuna wa duniya dalilin wannan abin mamaki a fili wani likita ne mutumin Sikotilan, sunansa Alekzanda Filemin. Yawancin mutane sun san shi ne sabo da fenisilin, amma shekara bakwai kafin fenisilin ya riga ya gano wani magani wanda ko wane ɗayanmu ke ɗauke da shi cikin hawayensa. Mun ga ya kamata mu ba 'yan'uwanmu ɗalibai labarin mutumin nan ta wannan fuska, domin ita ce aka fi mantawa da ita, ita ce kuwa masu bincike suka koma suna nema a zamanin nan.

Asalinsa

An haifi Filemin ran 6 ga watan Agusta 1881 a wata gona da a ke kira Lochfield, kusa da garin Darvel, cikin lardin Ayrshire. Ƙasar tuddai ce mai sanyi da yawan ruwan sama, mutanenta makiyayan tumaki ne. Ubansa, Hugh Filemin, ya yi aure sau biyu, Alekzanda kuwa shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu na matarsa ta biyu. Yana da shekara 7 uban ya rasu, sai uwarsa da babban wansa suka ci gaba da riƙon gona. Ya fara karatu a wata 'yar makarantar ƙauye, sa'an nan ya koma ta Darvel, wadda ke da nisan mil 4 daga gidansu, kullum ya tafi da ƙafa ya komo da ƙafa. Daga can ya shiga babbar makarantar Kilmarnock.

A shekarar 1895 aka aika da shi Landan wurin wansa Tom, wanda ya riga ya zama likita, ya kuma fi ba da ƙarfi ga aikin ido. 'Yan'uwansa biyu, John da Robert, su kuma suka koyi sana'ar yin tabarau. Ashe ke nan gidan da yaron ya tashi a Landan gida ne da ba a rabuwa da zancen ido. Shi kansa dai ya ƙara ɗan karatu, sa'an nan ya sami aikin akawu a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa, ya yi shekara 4 yana kwafe takardu, aikin bai kwanta masa a rai ba. A 1900, lokacin yaƙin Afirka ta Kudu, ya shiga ƙungiyar sojan sa kai ta 'yan Sikotilan mazauna Landan. Ba a kai shi fagen fama ba, amma a nan ya ƙware da harbin bindiga.

Ana nan sai wani ɗan'uwan ubansa ya rasu ya bar masa gadon fam 250. Tom ya ba shi shawara ya sa kuɗin cikin neman ilmin likita. A 1901 ya shiga makarantar likitoci ta asibitin Saint Mary a unguwar Paddington, yana da shekara 20, a 1906 ya fita da kyakkyawan sakamako. Nufinsa da farko ya zama likitan fiɗa, wanda da ya sa ya bar asibitin. To, shugaban 'yan harbi na asibitin ba ya son ya rabu da gwaninsu, don haka ya nemo masa gurbi a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta, ƙarƙashin wani babban malami mai suna Almroth Wright. A wannan asibiti Filemin ya zauna har ƙarshen ransa, kusan shekara 50.

Malaminsa Wright shi ne ya haɗa allurar rigakafin zazzaɓin taifot wadda aka riƙa yi wa sojan Ingila. Ra'ayinsa shi ne jiki yana da dakarunsa na kansa, watau fararen ƙwayoyin jini da waɗansu abubuwa da ke cikin ruwan jini, aikin likita kuwa shi ne ya ƙarfafa su. Wright mutum ne mai yawan magana da son gardama, Filemin kuwa shiru-shiru ne, gajere, ba ya iya dogon jawabi, sai dai hannunsa na da kyau ƙwarai wajen aiki, har yakan narka gilashi a wuta ya ƙera 'yan kayan gwajin da ya ke bukata. Da wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya fito da maganin tunjere a 1910, Filemin na cikin likitocin farko a Landan da suka iya ɗura shi ta jijiya.

Abin Da Ya Gani A Wurin Yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, sai aka aika da Wright da almajiransa garin Bulon a bakin tekun Faransa, suka kafa ɗakin bincike a asibitin soja. Filemin ya kai muƙamin kyaftin. Gonakin da a ke yaƙi a cikinsu sun daɗe suna shan taki, ƙasarsu cike ta ke da ƙwayoyin cuta. In harsashi ko ɓarɓashin bom ya shiga jikin soja, sai ya tafi da laka da tsumman riga har can cikin nama. Bayan kwana kaɗan raunin ya ruɓe ya kumbura, a yanke ƙafa ko hannu, sau da yawa ma a rasa mutumin.

Abin da likitoci suka gada tun zamanin Joseph Lister shi ne su zuba magunguna masu zafi cikin rauni, irin su kabolik, don su kashe ƙwayoyin cuta. Filemin ya duba da kyau, ya ga a kan fata da ƙananan raunuka suna da amfani, amma cikin rauni mai zurfi sai su kashe fararen ƙwayoyin jini tun kafin su taɓa abokan gaba. Don ya nuna wannan a fili ya ɗauki 'yar kwalbar gwaji, ya narka gindinta ya ja waɗansu ƙahoni masu rami, ta zama kamar rauni mai lungu-lungu. Ya cika ta da ruwa mai ƙwayoyin cuta, ya zubar, ya cika ta da magani ya bar shi ya daɗe, ya zubar, sa'an nan ya zuba romo mai tsabta. Da gari ya waye sai ga romon ya gurɓace, domin ƙwayoyin da suka ɓuya cikin ƙahonin sun fito sun yaɗu. Ya buga wannan bincike a 1917. Shawarar da shi da Wright suka bayar ita ce a yanke mataccen nama, a wanke raunin da ruwan gishiri, a bar jiki ya yi aikinsa. Likitocin soja da yawa ba su karɓa ba a lokacin. Cikin shekarun yaƙin ne kuma, a watan Disamba 1915, ya auri wata ma'aikaciyar jiyya mutuniyar Ailan, Sarah McElroy, suka haifi ɗa ɗaya a 1924.

Ya komo Landan da tambaya ɗaya a zuciyarsa: shin akwai abin da zai kashe ƙwayar cuta ya ƙyale naman jiki?

Majina Da Hawaye

A watan Nuwamba 1921 mura ta kama Filemin. Masu irin wannan aiki suna renon ƙwayoyin cuta ne cikin 'yan farantan gilashi masu murfi, a kan wani abinci mai kama da daskararren romo. Ya ɗiga majinarsa a kan ɗaya daga cikinsu, ya ajiye. Ɗabi'arsa ce ba ya hanzarin wanke faranti, sai ya bari sun yi kwanaki, ya bi su ɗaya-ɗaya yana dubawa kafin a zubar. Da ya komo kan wannan, sai ya tarar waɗansu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa sun rufe shi, amma kewayen majinar fes, babu kome, waɗanda ke kusa da wurin kuma sun zama kamar gilashi, suna narkewa.

Shi da wani saurayi mai taimakonsa, V. D. Allison, suka dama ƙwayoyin nan cikin ruwa har ya yi kauri, ba a ganin bayansa. Suka sa majina kaɗan, kafin minti biyu ruwan ya washe. Suka gwada hawaye, suka ga ya fi majina ƙarfi nesa. Daga ran nan neman hawaye ya zama aikin ɗakin binciken. Sukan yanki ɓawon lemon tsami su matsa a idanunsu, su tsotse abin da ya zubo da ɗan tsinken gilashi. Baƙi da suka zo ziyara ba su tsira ba, masu share ɗakin kuwa ana ba su taro duk ran da suka ba da nasu hawayen.

Filemin ya bi abin nan ko'ina. Ya same shi cikin yawu da kaki da nonon mace da ruwan jini da fararen ƙwayoyin jini, ya same shi jikin dabbobi da kifi da waɗansu tsire-tsire, ya tarar farin ƙwai yana da shi da yawa ƙwarai. Tun a 1909 wani malami a garin Tomsk na ƙasar Rasha ya lura farin ƙwai na kashe ƙwayoyin cuta, amma Filemin ne ya nuna abu ɗaya ne ke cikin waɗannan wurare duka, ya kuma ce yana daga cikin kariyar da a ke haifar ko wane mai rai da ita. Wright ya raɗa masa suna laisozayim, daga kalmomi biyu na Girkanci masu nufin narkarwa da yisti.

A watan Disamba na wannan shekara ya kai labarin gaban taron manyan likitocin Landan. Ya yi jawabinsa a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ya zauna, ba wanda ya yi masa tambaya. A 1922 aka buga takardarsa, ita ma ba ta ta da ƙura ba. Akwai dalili. Ƙwayar da laisozayim ya fi narkarwa ba ta sa kowa ciwo, masu kisa kuwa, irin na taifot da na maruru, ba su cika jin sa ba. Likitoci suka ce me za a yi da maganin da ba ya kashe mugu? Amsar Filemin ita ce mai yiwuwa ƙwayoyin da mu ke kira marasa lahani sun zama haka ne domin laisozayim yana gamawa da su tun a bakin ƙofa, waɗanda suka fi ƙarfinsa kuwa su ne mu ke gani muna kira cuta. Ya yi shekaru yana wannan aiki. Wani matashin likitan ido da ke tare da shi, Frederick Ridley, ya buga bincike a 1928 a kan yawan laisozayim cikin hawaye da dangantakarsa da ciwon ido. Har a 1932, da aka ba Filemin shugabancin wani sashe na ƙungiyar likitocin Ingila, a kan laisozayim ya yi jawabinsa na kama aiki, ko da ya ke fenisilin na hannunsa shekara huɗu ke nan.

Fenisilin

Ran 3 ga watan Satumba 1928 ya komo daga hutu, ya shiga duba tsofaffin farantansa yadda ya saba. A kan ɗaya, wanda ya shuka ƙwayoyin maruru, fumfuna ta tsiro a gefe, kewayenta kuwa ƙwayoyin sun narke. Da wani ne, da ya ce farantin ya ɓaci ya jefar. Shi ko ya taɓa ganin irin wannan fili kewaye da ɗigon majina, don haka nan take ya gane abin da ke gabansa. Ya reni fumfunar cikin romo, ya tarar ruwan yana kashe ƙwayoyin maruru da na ciwon huhu da na ciwon sanyi, ba ya kuwa taɓa fararen ƙwayoyin jini. Abin da ya ke nema tun Bulon ke nan. Ya kira shi fenisilin, ya buga labarinsa a 1929.

Sai dai tace shi ya gagara, domin da an taɓa shi sai ƙarfinsa ya gudu. Abin lura a nan shi ne ido na cikin wuraren da aka fara warkarwa da shi, sabo da ido a fili ya ke, ɗanyen ruwan fumfuna ma ya isa a wanke shi. A watan Nuwamba 1930 wani tsohon ɗalibin Saint Mary, Cecil Paine, ya wanke idanun jarirai a garin Sheffield waɗanda suka ɗauki ciwon sanyi daga uwayensu wajen haihuwa, cutar da kan makanta yaro tun yana cikin tsumma, suka kuwa warke. Bai buga labarin ba. A 1932 Filemin da kansa ya warkar da idon wani ɗalibi ɗan ƙungiyar harbi ana gab da gasa.

Waɗanda suka mai da fenisilin magani sosai su ne Howard Florey, mutumin Ostareliya, da Ernst Chain, Bayahude wanda ya gudo daga Jamus, su da abokan aikinsu a jami'ar Okisfod. Hanyar da ta kai su kuwa laisozayim ce. Florey ya daɗe yana binciken majinar hanji da laisozayim ɗin da ke cikinta. A 1937 aka tace laisozayim a Okisfod, Florey kuma ya sa Chain ya gano ko wane sashe na jikin ƙwayar cuta ya ke ci. Cikin wannan aiki ne Chain ya shiga karanta duk abin da aka rubuta a kan abubuwan da ke kashe ƙwayoyin cuta, har ya ci karo da takardar Filemin ta 1929. Ran 25 ga watan Mayu 1940 suka sa wa ɓeraye 8 cuta mai kisa, suka ba 4 fenisilin. Da safe waɗanda ba a ba su ba duk sun mutu, waɗanda aka ba suna raye. A watan Fabrairu 1941 suka gwada a kan wani ɗan sanda wanda cuta ta riga ta ci masa ido ɗaya. Ya fara samun sauƙi, maganin ya ƙare, ya rasu. Daga nan aka kai aikin Amurka, kafin 1944 ana yin sa da yawa har ya wadaci sojan da suka ƙetara zuwa Faransa.

Girma ya zo wa Filemin a jere. A 1944 Sarki Joji na Shida ya ba shi lambar girma, a 1945 aka ba shi kyautar Nobel tare da Florey da Chain. Cikin jawabinsa na karɓar kyautar ya yi gargaɗi cewa wanda ya sha fenisilin ƙasa da ƙima ba zai kashe ƙwayoyin ba, zai koya musu jure maganin ne kawai. Matarsa ta rasu a 1949, a 1953 ya auri wata likita mutuniyar Girka, Amalia. Ran 11 ga watan Maris 1955 ciwon zuciya ya kama shi a gidansa a Landan, ya rasu yana da shekara 73. Aka ajiye tokarsa a babbar majami'ar Saint Paul, inda a ke ajiye manyan mutanen Ingila.

Abin Da Aka Gano Bayansa

Shekara goma bayan rasuwarsa, a 1965, David Phillips da mutanensa a Landan suka gano siffar laisozayim na farin ƙwai. Shi furotin ne, furotin kuwa kamar murjani ne da aka shirya a zare aka dunƙule, wannan yana da ƙwaya 129. A jikinsa akwai wata tsaga mai kama da baki. Kusan ko wace ƙwayar cuta ta irin bakteriya tana da ganuwa mai kama da saƙar raga, wadda ke riƙe da ita. Laisozayim sai ya kama zaren ragar cikin tsagar nan ya tsinke, ruwa ya kwarara ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Naman jikinmu ba shi da irin wannan raga, shi ya sa ba ya cutar da mu. Waɗansu ƙwayoyin sun yafa wata riga a kan ganuwarsu, waɗansu sun sāke saƙar, su ne waɗanda suka gagare shi a hannun Filemin.

To, ashe laisozayim ba shi kaɗai ke gadi ba. Gaban baƙin ido akwai wata fata garau kamar gilashi, wadda ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, domin da akwai da gani ya dushe. Tun da jini ba ya ratsa ta, dole tsaronta ya zo daga hawaye da kuma fatar kanta. Hawayen da ke kwance a kan ido hawa uku ne: maiƙo a sama, wanda ke fitowa daga bakin fatar ido ya hana bushewa, ruwa a tsakiya, sa'an nan yauƙi a ƙasa. Mutum yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti guda, ko wace ƙiftawa tana share abin da ya faɗa, ta tura shi ta wata 'yar kafa a kusurwar ido zuwa hanci. Laisozayim ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na furotin ɗin da ke cikin ruwan nan. Tare da shi akwai laktofarin, wanda ke kame sinadarin ƙarfe don ƙwayoyin cuta su rasa abinci, yana kuma yage rigar nan ta waje har laisozayim ya sami hanya.

Sa'an nan akwai waɗansu 'yan ƙanana, gajerun zare, galibinsu ba su kai ƙwaya 50 ba, ana kiransu feftayid masu kashe ƙwayoyin cuta. A 1981 Hans Boman a Sitokholm ya bayyana irinsu daga jikin wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi. A 1985 Robert Lehrer da abokansa a Los Anjalis suka ba waɗanda ke cikin fararen ƙwayoyin jinin mutum suna difensin, watau masu tsaro. A 1987 Michael Zasloff ya lura kwaɗin Afirka da ya ke yi wa fiɗa suna warkewa cikin ruwa mai dauɗa ba tare da raunin ya ruɓe ba, ya bincika ya sami irinsu a fatarsu. Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka tabbatar fatar da ke gaban idon mutum tana yin difensin da kanta. Akwai wanda ta ke yi kullum, akwai wanda ba ta yi da yawa sai ta ji rauni ko ƙwayar cuta ta taɓa ta. Tana kuma yin wani mai ƙwaya 37, ana ce da shi LL-37. A 2012 masu bincike a Kalifoniya suka tarar ko gutsattsarin keratin, dangin abin da ke cikin gashi da farce, waɗanda ke cikin fatar ido, su ma suna kisa.

Yadda su ke aiki shi ne, fatar ƙwayar cuta tana jan su kamar yadda maganaɗisu ke jan allura, su manne mata, su huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye kamar salkar da aka soka. Fatar naman jikinmu ba ta jan su haka. Suna kama bakteriya da fumfuna da waɗansu ƙwayoyin bairas. Ban da kisa, suna kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin, LL-37 kuma yana sa fatar ido ta hanzarta rufe ƙarzuwa. Gishirin da ke cikin hawaye yana rage ƙarfin waɗansunsu, amma da ya ke suna da yawa, suna kuma taimakon juna, wanda ya kuɓuce wa wannan sai ya faɗa hannun wancan.

Gargaɗin Filemin na 1945 kuwa ya tabbata. An ƙididdige cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu sabo da ƙwayoyin da suka daina jin magani. Cikin ido ma likitoci suna gamuwa da gyambon da magungunan ɗigawa na da ba sa warkarwa. Don haka masu bincike suka koma ga feftayid, da fatan ƙwayar cuta za ta fi shan wuya kafin ta koyi jure abin da ke huda fatarta. Aikin yana da wuya, domin suna da tsadar haɗawa, jiki yana saurin narka su, in kuma sun yi yawa sukan ƙona naman da a ke son karewa. Amma waɗansu danginsu da aka samo daga ƙwayoyin cikin ƙasa, irin su giramisidin wanda René Dubos ya gano a 1939, sun daɗe cikin magungunan ɗigawa a ido.

Mu da za mu fita mu riƙe aji, labarin nan ya shafe mu kai tsaye, domin yara 40 ko 50 za su zauna gabanmu, mu ne kuma za mu fara ganin wanda idonsa ya yi ja ko ya tara kwantsa. Tsaron ido yana tsayawa ne muddin fatarsa ba ta tsage ba, hawaye kuma suna gudana. Yaron da abincinsa ya rasa bitamin A, wanda a ke samu cikin manja da hanta da ganye irin su zogale, idonsa yakan bushe ya buɗe wa cuta ƙofa, balle in ƙyanda ta biyo baya. Akwai cututtukan da hawaye ba sa iya musu, ƙuda da hannu da tsumma ɗaya su ke yaɗa su, maganinsu wanke fuska da zuwa asibiti da wuri. Abin da Filemin ya gani a raunukan soja kuma haka ya ke a ido: duk abu mai zafi da aka zuba don a kashe cuta, ko ruwan ganye ne ko ragowar maganin wani, yana iya ƙona masu tsaron ya bar cutar. In likita ya ba da magani, a cika kwanakin da ya faɗa.

Ga mu ɗalibai kuma akwai abin koyi a yadda ya yi da aikinsa. Taron manya ya saurari labarin laisozayim ya watse ba tambaya, shi kuwa ya ci gaba da bincikensa shekara goma, ya rubuta abin da ya gani daidai yadda ya gan shi. Da ya watsar, da bai gane farantin 1928 ba, da kuma mutanen Okisfod ba su sami hanyar da ta kai su ga takardarsa ba.